Dutsen Sihiyona na Clitheroe, inda yanzu ake jera sahu

Na shafe wata biyar ina sallar Juma'a a masallacin Didsbury da ke Manchester kafin wata rana na ɗaga kai na ƙare wa ginin kallo daga tsallaken titi. Sai na ga dogon tsini a sama da tagogi masu kan baka, irin waɗanda ban taɓa gani a jikin masallaci ba a gida. Wani abokin karatuna, wanda iyayensa 'yan Pakistan ne amma a lardin Lancashire da ke arewacin Ingila aka yanke masa cibiya, ya ce mini ai cocin Metodis ne tun asali, an buɗe shi a 1883, aka rufe a 1962, daga baya Musulmi suka saya. Ya ƙara da cewa in labari nake so, in je Clitheroe, can ne aka sha gwagwarmaya.

Ba zan ɓoye abin da na fara ji a raina ba: daɗi ne da alfahari. Kowa ya san irin bidiyon nan da ake turawa a WhatsApp, a nuna coci a Turai an cire masa gicciye, a rubuta kabbara uku a ƙasa. Da niyyar ɗauko irinsa na fita, in tura wa 'yan'uwa a Funtuwa su ma su ji daɗi.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Nuwamba na hau jirgin ƙasa a tashar Victoria, gari bai gama wayewa ba ko da yake takwas ta wuce. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Jirgin ya bi ta Bolton, ya ratsa tsaunuka masu ciyawa ja-ja-ja da ruwa ya jiƙa, ya gangara Blackburn. Daga tagar jirgi kana iya ƙirga hasumiyoyi da ƙubbobin masallatai a tsakanin jerin gidajen jan bulo. Amma da an bar Blackburn sai ƙasar ta sauya. Tumaki farare a makiyaya, katangun dutse da aka jera ba laka ba siminti, ƙauyuka tsaf-tsaf. A Whalley jirgin ya hau wata doguwar gada ta jan bulo mai baka 48, kwarin ya buɗe a ƙasa, hazo na kwance a kan kogi kamar an shimfiɗa sawayen auduga.

Na ce auduga, kuma dole in tsaya a nan kaɗan. Duk wanda ya tashi a Funtuwa ya san Bisije. Sai da na girma na gane cewa sunan ba Hausa ba ne, harufan farko ne na ƙungiyar bunƙasa noman auduga da masu masaƙun Birtaniya suka kafa a Manchester a 1902, domin su samu abin da za su ciyar da injinansu ba tare da dogaro da Amurka kaɗai ba. Kakana ya sha ɗora buhuna a kan jaki ya kai fuloti, a auna, a ba shi abin da aka ga dama. Audugar nan a gurje ta, a ɗaure, a loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can sai teku. Wannan lardin da nake ratsawa shi ne inda irinta take ƙarewa. Dogayen bututun hayaƙi da na riƙa gani a tsaye ba hayaƙi, su ne ɗaya bakin igiyar da kakana ke riƙe da nasa bakin. Ban san zuciyata za ta yi nauyi haka ba.

Clitheroe ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Daga tasha zuwa tsakiyar gari ba ta fi tafiyar minti biyar ba. Ranar kasuwa ce, don Talata da Alhamis da Asabar take ci, rumfuna na sayar da cuku da kabeji da furanni da safar sanyi. Na haura babban titi zuwa tsohuwar ganuwar da ke zaune a kan wani tsauni na farar ƙasa a tsakiyar gari. Tun ƙarni na 12 aka gina ta, kuma tana cikin mafiya ƙanƙanta a irinta a duk Ingila. A 1920 mutanen gari suka yi karo-karo suka saye ta domin tunawa da 'ya'yansu da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai mutum-mutumin soja a can, ya sunkuyar da kai, an jera masa jajayen furannin tunawa na watan Nuwamba, ruwa ya jiƙa su sharkaf. Daga saman kana ganin komai: Dutsen Pendle mai tsawon mita 557 ya tokare gabas, masana'antar siminti tana fitar da farin tururi a arewa, ga rufin gidaje baƙi-baƙi a ƙasa. Na duba ko zan hango hasumiya, ban ga ko alamarta ba.

Na sauko na shiga titin Lowergate, na kai ƙarshensa na dawo, na sake komawa. Idona masallaci yake nema irin wanda ya saba gani. Ruwa ya fara saukowa, irin yayyafin nan nasu da ba ya ƙara ba ya raguwa, takalmina ya fara shan ruwa. Sai ga wata tsohuwa Baturiya tana jan 'yar jakar cefane mai taya. Na gaishe ta, na ce, "Mama, don Allah ina masallaci yake a nan?"

Ta dube ni ta cikin tabarau mai ɗigon ruwa, ta kira ni da kalmar nan da matan Lancashire ke kiran kowa da ita, wadda a bakinta ta yi kama da "ɗana". Ta ce, "Mount Zion kake nema. Ga shi can bayanka, ka wuce shi."

Ba ta ce masallaci ba, ba ta ce coci ba. Sunan da ta taso ta ji ana kiran wurin da shi ta faɗa. A Hausar Littafi Mai Tsarki, Dutsen Sihiyona ke nan. Ta raka ni 'yan taku, tana ba ni labarin wata innarta da ta yi aiki a ciki lokacin da ginin yake masana'anta, ta ce tana yarinya takan tsaya a bakin ƙofa ta jira ta tashi, ƙarar injina na fitowa ta tagogin da aka yi domin waƙar yabo. Ta nuna mini da haɓa, ta ce in shiga kada in yi mura, ta ja jakarta ta tafi.

Gini ne na dutse, mai kauri, ya yi duhu saboda shekaru da hayaƙin kwal na zamanin da. Ba ƙubba, ba hasumiya, ba lasifika. In ba ka karanta allo ba, za ka wuce ka ce majami'a ce da aka kulle. Shahararren mai zanen nan na Lancashire, L. S. Lowry, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zana masaƙu da taron ma'aikata sirara-sirara, ya saka wannan gini a wani zanensa na wani titin Clitheroe. Na tsaya ƙarƙashin lema ina kallon yadda aka sassaƙa duwatsun aka jera su, ina tunanin su wa suka biya kuɗin wannan aiki.

Amsar tana cikin tarihin ɗariƙar Metodis, wadda mabiyanta suka gina shi. John Wesley, wanda aka haifa a 1703 ya rasu a 1791, limami ne a Cocin Ingila, kuma har ya mutu bai ce ya fita daga cikinsa ba. Tun yana Oxford shi da ƙanensa Charles da 'yan abokansu suka tsara wa kansu lokutan addu'a da azumi da ziyarar fursunoni, ɗalibai suka riƙa yi musu ba'a da sunan masu bin tsari, wato Metodis, sunan ya bi su har yau. A 1739 ya fara wa'azi a fili a wajen Bristol, gaban masu haƙar kwal waɗanda ba su da kayan sawa na shiga cocin manya. Daga nan bai sauka daga kan doki ba sai da tsufa ya sauke shi: ana ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, ya yi wa'azi kusan 40,000. Charles kuma ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000. Waɗanda suka amsa kiran su ne masaƙa da maƙera da leburori da masu wanki. Aka kasa su ƙungiya-ƙungiya ta mutum goma sha biyu-biyu, kowa ya kawo kwabo ɗaya a mako. Da irin wannan kwabo, da baikon ranar Lahadi, da gudummawar wani mai masaƙa in an samu, aka gina dubban majami'u a garuruwan arewacin Ingila. Ciki ba gumaka ba ado, mumbari a tsakiya, benci a jere, a gefe ɗakin makarantar Lahadi inda yaron da ya yi kwana shida a gaban injin zai koyi karatu da rubutu. Suna tsananin ƙin giya da caca. Duk wanda ya ga yadda ake gina masallacin unguwa a gida, wannan ya kawo buhun siminti, wancan ya kawo bulo hamsin, matan aure su aiko da kuɗin adashi, ya san irin mutanen da nake nufi.

Wannan ɗariƙa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai wa'azinta Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry a 1842, kuma daga zuriyar wannan aiki ne cocin Metodis da ke Sabon Garin garuruwanmu ya fito.

To me ya kashe majami'u irin wannan? Abu na farko rarrabuwa ce. Bayan rasuwar Wesley mabiyansa suka rabu da Cocin Ingila, sannan suka rarrabu a tsakaninsu, kowane ɓangare ya gina nasa, har ƙaramin gari ya tashi da majami'un Metodis uku ko huɗu, wani lokaci suna kallon juna a titi ɗaya. Da manyan ɓangarorin suka haɗe a 1932, sai gine-gine suka yi yawa, dole a zaɓi na riƙewa a saki saura. Sannan masaƙu suka fara rufewa, jama'ar da ke cika benci ta watse. Sannan zuciyar mutane ta bar ibadar gaba ɗaya. Lokacin haɗewar mabiya ɗariƙar a Birtaniya sun haura 800,000, yau ba su kai 200,000 ba. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales sun sauko zuwa kashi 46.2 cikin ɗari, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini suka kai 37.2, Musulmi kuma 6.5. Ka duba waɗannan alƙaluma da kyau. Ba Musulmi ne suka kwashe mutanen cocin ba. Na ga tsofaffin majami'u a Lancashire da suka zama kantin kafet, da gidajen haya, da ma mashaya, a ginin mutanen da suka yi rayuwarsu suna yaƙi da kwalba.

Dutsen Sihiyona na Clitheroe an gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya yi zamaninsa, aka daina ibada a ciki, ya yi shekaru gommai yana masana'anta. Kayan da aka riƙa yi a ciki daga baya har da mayafan kai da ake fitarwa zuwa Gabas ta Tsakiya. Wato tun kafin a yi sujada ta farko a ɗakin, abin da ke fita daga cikinsa yana sauka a kawunan masu salla.

Sha biyu saura na tura ƙofa. A wannan lokaci na shekara rana ba ta da tsawo, azahar da sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba wajen huɗu. Na cire takalmi na ɗora a kanta, safata ta bar sawu a jiƙe. Wani dattijo mai jan gemu na lalle, da hular ulu da kwat a kan doguwar riga, ya lura. Bai ce komai ba, ya ɗauki takalmin nawa ya jingina shi kusa da bututun ɗumama ɗaki, ya nuna mini wurin alwala. Ruwan da ɗumi. Na fito na yi masa sallama sosai, na ce, "Haji Sahib, daga Najeriya nake." Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Beta, ka sha hanya," wato ɗana.

Mu tara ne a sahu. Alƙibla a nan kudu maso gabas take, abin da har yanzu jikina bai gama sabawa da shi ba, tunda mu a gida gabas kawai muke cewa. Da liman ya yi kabbara sai muryarsa ta cika ɗakin ba tare da ya ɗaga ta ba. Maginan sun yi wurin ne domin maganar mai wa'azi ta kai kunnen na baya, kuma bangon bai manta aikinsa ba. A raka'a ta biyu na ji ruwa na buga gilashi, na ji wani yaro a gefena yana jan hanci, na ji wata natsuwa da na daɗe ban samu ba a manyan masallatan birni.

Bayan salla dattijon ya zuba mini shayi mai madara da citta a kofin takarda, muka zauna a kan kafet muka jingina da bango. Ya zo garin yana saurayi, ya yi aiki a masana'antar simintin da na hango daga ganuwa, kamar yawancin 'yan'uwansa da suka iso daga Pakistan a shekarun 1960. Ya ce da farko ba wanda ya yi tunanin masallaci, kowa na cewa baɗi zai koma gida. Sai aka yi aure, aka haihu, aka fara binne iyaye a nan. Ranar Juma'a sai a nemi aron zaure, ko a cika mota a tafi Blackburn. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, fatar ta yi kanta kamar ta manomi. Ya ce abokansa da yawa da suka fara neman wurin sun riga mu gidan gaskiya ba su ga an buɗe ƙofar ba.

Musulmin garin a lokacin ba su wuce 300 ba, kuma sun yi kusan shekara 30 suna nema. Suna da wani ɗan gida da yara ke karatun Alƙur'ani a ciki, amma duk takardar da suka kai majalisar ƙaramar hukuma ta neman wurin salla sai ta dawo. Dalilan da ake bayarwa su ne wurin ajiye motoci da cunkoso da damun maƙwabta. Zamanin ma bai taimaka ba. An yi tarzoma a Burnley, nan kusa, a 2001, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta BNP ta ci kujeru a majalisar Burnley ɗin a 2002, sannan aka kai harin bama-bamai a Landan ranar 7 ga Yulin 2005, mutum 52 suka mutu. A cikin wannan yanayi 'ya'yan leburorin nan, waɗanda aka haifa a Clitheroe suke magana da harshen Lancashire, suka karɓi ragamar neman daga hannun iyayensu. Suka daina jira a ofis, suka shiga gari suna ƙulla zumunci da majami'u da makarantu. A Disambar 2006 kwamitin tsare-tsare na majalisar ƙaramar hukumar, wato Ribble Valley, ya zauna, zaure cike, 'yan sanda a waje. Aka kaɗa ƙuri'a: 7 suka amince, 5 suka ƙi. Ko bayan haka sai da wasu suka farfasa tagogin ginin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka tsaya musu. A cikin masu goyon baya akwai Kiristocin garin, har da 'yan Metodis, jikokin irin mutanen da suka tara kwabo suka ɗora waɗannan duwatsu. Sun fito a gaban maƙwabtansu, a garin da kowa ya san kowa, suka ce a bar mutanen nan su yi ibadarsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi shekara huɗu a Kaduna, na ga yadda bayan rikicin 2000 gari ya rabu, kogi ya zama iyaka, na ga masallatai da aka bari a kudu da majami'u da aka bari a arewa, ciyawa ta cinye harabarsu. Na tambayi kaina ko na taɓa buɗe baki a unguwarmu lokacin da ake gunaguni a kan filin da wasu tsiraru ke son gina wurin ibadarsu. Ban taɓa ba. Shiru na yi, kamar kowa.

Na fito da wayata da niyyar ɗaukar bidiyon da ya kawo ni. Na nemi abin da zan faɗa a kai na rasa. Dattijon na kallona, sai ya ce, "Beta, in za ka nuna wa mutanenku, ka gaya musu waɗanda suka gina shi ma masu tsoron Allah ne a yadda suka sani. Mu amana muka karɓa." Na ɗauki hoton kantar takalma, da na tagar da ruwa ke gangarowa a jikinta, na mayar da wayar aljihu.

Muka yi la'asar tare. Takalmina ya bushe, har da ɗumi a ciki. Ya raka ni bakin ƙofa, ya tura mini dabino uku a aljihun kwat, ya ce in gaida mahaifina.

Kafin in koma tasha na bi ta Parson Lane, inda cocin Metodis na Trinity yake, wanda har yanzu ake ibada a ciki. Fitilu a kunne, an manna takardar shirye-shiryen Kirsimeti a allon waje. Ta ƙofar gilashi na hango wasu mata biyu masu furfura suna jera kujeru, ɗaya na ɗauka da ƙyar tana ja, ɗayar na daidaita layi. Na tsaya har suka gama jeri ɗaya suka fara na biyu. Ƙaramar cikinsu ta hango ni ta ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga mata.

Huɗu saura kwata duhu ya fara rufe Dutsen Pendle. Na yi magariba a ƙarshen dandamalin tasha a kan kwat ɗina, jirgi ya iso ina sallamewa. Muna kan gadar Whalley na kira Baba a Funtuwa, na ce masa yau na ga inda audugar Kaka take zuwa, kuma wani dattijo a can ya ce in gaishe shi. Ya yi shiru jim, sannan ya ce yana amsawa, ya tambaye ni ko akwai sanyi.